Tsohon Filin Kasuwa: Rumfuna ko Lambu?

Ana yawan tambayata: kasuwar ƙauye ta mutu, jama'a sun karɓi filin, a gina sabbin rumfuna ko a yi lambun al'umma?

Rumfa tana cin kuɗi: siminti, kwano, magudanar ruwa. Kuma abin da ya kashe kasuwar tun farko, ko lalacewar hanya ko ƙaurar masu saye, yana nan. Sai ka ga shago sabo fil a garƙame, awaki na kwana a bakinsa. Wannan yana min ciwo.

Lambu ya fi araha, amma ƙasar kasuwa ta taurare da takun shekaru. Sai an sha kaftu da taki, ga ban ruwa kullum.

Ƙauyen da ke bakin babbar hanya, rumfuna za su karɓe shi. Mai rijiya da matasa masu juriya kuwa, lambu ya fi masa.