Yaron da ya ɗauko ma Baba layin dogo daga sama

Jama'a bari in ba ku labarin wani aiki da anka yi min, don na san akwai masu neman mai ɗaukar bidiyo da dron nan Sakkwato kuma ba su san wa za su ba amana ba. Yaron dai sana'arshi ɗaukar biki ce, shi ne ke tada ɗan jirgin nan nashi saman kanofi in ana kamu ko walima, amma ni ba biki na kira shi ba, layin dogo na ce ya ɗauko min.

Baba ya yi ƙuruciyarshi ne a Ƙaura Namoda, awon gyaɗa yake yi bakin tasha ana lodi a tarago ana turawa kudu. Kun san mu Sakkwato jirgin ƙasa bai taɓa iso mu ba, layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau nan Ƙaura ya tsaya tun 1929, lokacin nan duk ƙasar Sakkwato ce, sai 1996 anka cire Zamfara. Yanzu ƙafa ta hana Baba tahiya, kullum in anka zauna bayan isha'i sai ya ɗauko zancen reluwe, yadda kan jirgi ke huci, yadda buhunna ke kai saman kai. Shi ya sa na ce ko da hoto ne sai ya sake ganin layin nan.

Nan ne yaron ya fara burge ni. Na ce Ƙaura nake so, ya ce Yaya gaskiya ba zan tada dron a yankin nan ba, ga halin tsaro ga dokar hana shawagi da gwamnati ta sa a Zamfara a 2021, kuɗɗi ba su kai rai ba. Da farko raina ya ɗan sosu amma gaskiyarshi ce. Munka daidaita a kan ɓangaren da ke bayan Zariya ta hanyar Funtuwa, ai layi guda ne. Kuma bai tada komai ba sai da ya je ya gaida mai gari ya yi mishi bayani, don mutanen ƙauye in sunka ga abu na yawo saman gonarsu yanzu hankalinsu tashi yake.

Ya ce in jira kaka, kafin hazo ya sauka, wai in hunturu ya shigo komai fari fat yake fitowa kamar an watsa gari. Na jira. Wallahi da na ga abin da ya kawo sai da na yi shiru. Da sassafe ya ɗauka, rana ta fito kenan, ƙarfe biyu siraran nan sun miƙe tsakiyar dawa da masara har inda ido ya ƙare, wani wurin ciyawa ta cinye layin sai dai ka gane shi da tudun da anka yi mishi, ga wata ƙaramar gada ruwa kwance ƙarƙashinta, ga yaro da shanu suna tsallakawa a hankali ko ɗaga kai bai yi ba. Akwai inda ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi layin kamar kana zaune gaban jirgi, sannan ya ɗaga sama a hankali har rufin bukkoki da rumbuna sunka bayyana, wanga wuri na maimaita shi ya fi sau goma. Hannunshi ba ya rawa ko kaɗan. Dron ɗin nashi ƙirar kamfanin DJI ne, ɗan ƙarami wanda bai kai giram 250 ba, batir uku ya tafi da su don ko wane bai wuce minti ashirin da wani abu yake kai shi ba in akwai iska.

Inda bai kyauta ba, sati biyu ya ce min, sai da munka kusa cin wata da rabi ina kira yana cewa wuta ce, biki ne ya yi yawa. Sannan ya ɗora wani kiɗa irin na angwaye a kai, abin da za a kai gaban dattijo! Na ce ya cire, ya cire ba gardama bai ƙara min ko kwabo ba. Kuma ta WhatsApp ya fara turowa duk ya dushe, ku dai ku ce a sa muku a filas. Kuɗɗin mota da kwana ma ku yi maganarsu tun farko, mu sai daga baya munka zo muna lissafi.

Ranar da na sa ma Baba a talabijin ya ce a matso mishi da kujera. Bai ce komai ba sai da anka zo wurin gadar nan, ya ɗaga hannu ya ce tsaya nan, irin wagga in jirgi ya hau kanta ƙararshi canzawa take, ko kana barci sai ka san an zo ruwa. Ya sa na mayar baya har sau uku, daga nan ya ce a kira mishi jikokinshi su zo su gani.