Allurar cire haƙori a Ingila da batun Hajiya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, na samu saƙonka cewa za a cire wa Hajiya turmin da ke damunta, shi ya sa na ga ya dace in ba ka labarin abin da na gani a nan Ingila lokacin da aka cire nawa.

Maganin da ake kashe dasashi da shi a nan lidokain ne, irin wanda muka sani a gida. Sai dai yana zuwa ne a cikin 'yar siririyar kwalba mai mililita 2.2, an gauraya shi da adirenalin, kashi 1 cikin 80,000. Da na tambayi likitar amfanin wannan haɗi, sai ta bayyana mini cewa lidokain shi kaɗai yana buɗa jijiyoyin jini, don haka jini kan kwashe shi da wuri, cikin haƙorin ya farfaɗo bayan kamar minti 10. Shi kuwa adirenalin tsuke jijiyoyin yake yi, maganin ya zauna a inda aka sa shi har kusan awa ɗaya, zubar jini ta ragu, abin da ke shiga jiki a lokaci guda ma ya ragu. Wani likitan tiyata na Jamus, Heinrich Braun, ya fito da dabarar gauraya adirenalin da maganin kashe zafi tun 1903.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne tambayoyin da suka gabaci allurar: hawan jini, ciwon zuciya, da magungunan da nake sha. Ta kuma tabbatar bakin allurar bai faɗa cikin jijiyar jini ba kafin ta tura maganin a hankali, domin idan ya faɗa, zuciya kan yi ta dukan uku-uku, hannu ya ɗauki rawa. Haka ya faru da ni a wani asibiti can gida, inda ba wanda ya tambaye ni komai, na yi zaton ajali ne ya zo.

Tunda Hajiya tana da hawan jini, don Allah ka tafi da kwalayen magungunanta, a kuma auna jininta kafin a fara. Ba a cika hana irinta wannan allura ba, ana dai taƙaita adirenalin ɗin, ga masu ciwon zuciya kada ya wuce miligiram 0.04. Ka kuma nemi ganin kwalbar da idonka, domin zafi da hasken rana suna lalata adirenalin, kuma ka san zafin garinmu a bazara. Idan ruwan ya sauya launi, a kawo wata.