Tutoriyal ɗin biyofiziks na Samaru: malamin ya iya, amma handawut ɗinsa ya cuce mu

Masu tambayata ko tutoriyal ɗin biyofiziks ɗin nan da ake yi da yamma a Samaru ta Zariya ya ci kuɗinsa, ga amsa a nan kowa ya gani. Ba na makaranta ba ne, wani bawan Allah ne yake yin abinsa a ajin da yake haya, kun san wanda nake nufi kuma kun san nawa yake karɓa.

Maganar gaskiya in dai a gaban allo ne mutumin nan ya iya. Ni tamodainamiks, wato ilimin zafi da makamashi, shi ne ya kai ni wajensa, musamman doka ta biyu da ta ce entirofi, wato ma'aunin watsewa, ƙaruwa yake yi kullum, komai watsewa yake nema, to ta yaya ƙwayar halitta guda za ta rinƙa rabuwa har ta zama mutum da ido da hanta da ƙwaƙwalwa, kowanne a wurinsa? Na daɗe ina haddace wannan doka ba tare da ta zauna min ba. Shi kuwa cewa ya yi mu tuna firij, cikinsa sanyi amma ka taɓa bayansa ka ji zafi, haka jiki yake, abinci yana shiga zafi yana fita, mutum ko yana kwance yana fitar da zafin da ya kusa wat 100, in ka haɗa jikin da abin da ke kewaye da shi sai ka ga entirofin ƙaruwa ya yi. Daga nan ya ɗauko lissafin Gibbs, ΔG = ΔH − TΔS, inda ΔH canjin zafin da ke shiga ko fita ne, T ma'aunin zafi, ΔS kuma canjin entirofi, ya ce in ΔG ya fito da mainos abin zai iya tafiya da kansa, in ya fito da filos sai an tura shi. Mai turawar kuma ATP ne, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwayar halitta (sel), fasa shi yana ba da ΔG na −30.5 kJ/mol a ma'aunin littafi, a cikin sel kuwa ya kan kai wajen −50. Da shi famfon sodiyam da potasiyam na fatar sel yake aiki, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957, ATP ɗaya sodiyam 3 waje potasiyam 2 ciki. Wallahi ranar da murna na hau keke napep, har sai da na ja ƙawayena biyu suka biya.

To sai aka zo kan handawut, wanda shi ma kuɗinsa daban ne kuma ya ce dole kowa ya saya. Fotokwafin fotokwafi ne, ya yi fari fat, kuma abin da ya fara ɓacewa shi ne alamar mainos. Ku duba fa, kos ɗin da gaba ɗayansa a kan mainos da filos yake tsaye, a ce ATP an rubuta 30.5 haka tsirara. Wannan ma da sauƙi tunda wanda ya zauna a aji zai iya sakawa da biro. Babbar matsalar tana misalin lissafin Nernst, wanda ake gano bambancin ƙarfin lantarki tsakanin cikin sel da wajensa da shi. Potasiyam 140 a cikin sel, 5 a waje, zafin jiki digiri 37 na Selsiyos, kowa ya san sai an mayar da shi ma'aunin Kelbin ya zama 310 kafin a saka a T, amsa ta fito wajen −89 milibolt. A handawut ɗin 37 ɗin aka zuba kai tsaye, amsa ta fito 11, mainos ɗin ma babu. Sel ɗin jijiya da yake zaune a wajen −70 ina shi ina 11? Wannan ba laifin injin fotokwafi ba ne, wanda ya yi lissafin ne bai duba ba.

Na same shi bayan aji cikin ladabi na ce, Malam don Allah a duba misalin nan, kamar ba a mayar da zafin Kelbin ba. Ya kalla ya ce eh haka ne, yaron da ya buga masa ne, zai turo gyara a guruf ɗin WhatsApp da daddare. Shiru. Na tuna masa a guruf, washegari sai na ga an kulle, admin kaɗai ke magana. Abin da ya fi ƙona min rai, akwai waɗanda ba sa samun zuwa kullum saboda nisa, 'yan Sabon Gari da Tudun Wada, da wannan takarda kawai suke karatu, kuma ɗaya daga cikin ƙawayen da na kawo ta shiga tes da wannan hanyar a kanta. Ni na kawo ta, da wane ido zan kalle ta?

Da na fara rubutun nan niyyata in ce ku je ajin ku bar handawut ɗin, amma ai ba ya barin mutum ya zauna sai ya saya. Kuma yanzu na tuna, ya yi alkawarin zama na musamman kan mitokondiriya, wato ɓangaren sel da ke samar da ATP, da bayanin Peter Mitchell na 1961, yadda furoton ke taruwa a gefe ɗaya na fatarta ta ciki ya dawo ta ATP sintes mai haɗa ATP, har ya ce wannan shi ne zuciyar kos ɗin. Aka ɗage saboda ba wuta, aka sake ɗagewa wai ya yi tafiya Kaduna, har aka fara jarrabawa ba a yi ba, kuɗin kuwa an karɓa cif tun farko. Gaskiya ba zan ƙara tura kowa ba sai ranar da ya sake buga takardar nan.

Wanda ya riga ya saya, don Allah ya buɗe ɓangaren Nernst ya soke 37 ya sa 310, ya sake bugawa a kalkuleta, sannan ya bi teburin ΔG layi-layi da littafin laburare a gefe ya mayar da mainos ɗin.