Idanre ko Ado-Awaye: wanne ya fi dacewa da mai tashi daga Legas?

Malam, ka ce kai da abokanka na Agege kuna son ku ware rana guda ku hau dutse, ku ratsa daji da kwari da ƙafa har ku kai ƙololuwar da ido zai ga ƙasa ta miƙe ta kowane ɓangare. An ambata maka wurare biyu, Idanre a jihar Ondo da Ado-Awaye a jihar Oyo, kana tambayar wanne za ku nufa.

Abin da ka siffanta, Idanre ne sak. Amma in sharaɗinku shi ne a fita da asuba a dawo a kwana a gida, to Ado-Awaye ne zai yiwu. Tun a kan kwalta ake fara raba su.

Daga Legas zuwa Akure ta Ibadan da Ife da Ilesha ya haura kilomita 300, sannan a ƙara kilomita 20 da 'yan kai zuwa garin Idanre. Ko hanya ta yi kyau, ka ƙaddara sa'a biyar a mota, ban da abin da cunkoson Berger zai ci kafin ma a bar gari. Wanda ya ce zai je ya hau ya sauko ya dawo a yini ɗaya, tafiyar dare ce ke jiransa da gajiyayyen direba, kuma ban yarda kowa ya jefa kansa cikin wannan saboda yawon buɗe ido ba. A kwana a Akure ranar Juma'a, a hau dutse da sanyin safiyar Asabar. Ado-Awaye kuwa yana ƙaramar hukumar Iseyin. Ana bi ta Ibadan a kama titin Moniya zuwa Iseyin, mai kilomita 65, wanda aka sake ginawa aka buɗe a 2021, daga Iseyin sai ɗan taƙin da ya rage. Ga mai son ya huta da tuƙi, jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan a Moniya tasharsa take, daidai bakin wannan titin, sai dai lokacin jirgin ne zai yanke muku tsawon zamanku a kan dutse, don haka ku duba jadawalin dawowa kafin ku sayi tikiti.

Yanzu hawan kansa. A Idanre matakala ce ta siminti sama da 600, da rumfunan hutawa biyar a kan hanya. Matakalar ba ta da wasa. Zuwa rumfa ta uku za ka ji cinya ta fara rawa, hira ta ɗauke, kowa na sauraron numfashinsa. Daga nan in ka waiga, garin ne a ƙasa: kwanon rufi da tsatsa ta mayar ja, cunkushe a cikin kwari, manyan duwatsu masu santsi sun kewaye shi ta ko'ina. Mutane da yawa nan suke ɗaukar hoto su ɗauka sun ga Idanre, alhali ba a fara ba.

In matakala ta ƙare sai ka tarar da fili a saman, da kwaruruka tsakanin duwatsu, da 'yar siririyar hanya da ke kutsawa cikin ciyawa da inuwar itatuwa. Gari guda ne a can sama, wanda mutane suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su sauko ƙasa a shekarun 1920. Tsohuwar fadar sarkinsu, Owa, tana nan da tsakar gidanta da ginshiƙai masu sassaƙa. Akwai tsohuwar kotu, da makarantar firamare ta ginin ƙasa da aka kafa a 1896, da ƙoramar Arun mai ruwa garai-garai, da wani sawun ƙafa a jikin dutse da suke kira na Agboogun. Kana tafe daga wannan zuwa wancan, ka gangara, ka sake hawa, wani wurin sai ka dafa da hannu. Wannan yawon na sama shi ne ratsa daji da kwarin da kake nema, kuma yana iya cin sa'a uku ko huɗu ba ka sani ba. Mafi tsayin duwatsun ya kai kusan mita 900 daga matakin teku. Tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a sa su cikin kayan tarihin duniya, har akwai wani nau'in kwaɗo da ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai a waɗannan duwatsu.

Ado-Awaye dabam ne. Ƙasar Oke-Ogun, wato yankin jihar Oyo da garin yake ciki, ta fara barin kurmi, itatuwa sun yi sako-sako, sama ta buɗe. Wanda ya taɓa hawa Kufena a Zariya zai ji kamar ya san wurin. Matakalar sama da 300 ce, wajen rabin ta Idanre, daga nan sai tafiya a kan falalen dutse, inuwa kaɗan. Da hantsi ya ɗaga, zafi na bugowa ta sama da ta ƙasa, har ta cikin tafin takalmi kana jin sa. Ladan hawan shi ne tafkin Iyake, ruwa kwance shiru a cikin kwarmin dutse can sama, da wani ƙaton dutse mai suna Ishage da ake ɗaura wa farin ƙyalle. Su ma mutanen garin a kan wannan dutse kakanninsu suka fake lokacin hare-haren tsohuwar masarautar Dahomey, ta ƙasar Benin ta yau. Ta fuskar hangen nesa kuwa, ni a ganina Ado-Awaye bai bar wa Idanre komai ba, wataƙila ma ya fi shi faɗi, domin babu wani dutse kusa da zai tare maka ido. Gonaki da daji ne shimfiɗe har iyakar gani. Abin da babu shi ne kurmin da kwaruruka. Cikin sa'a biyu zuwa uku an gama, an sauko.

Don haka in a cikinku akwai mai ciwon gwiwa, ko dattijo, ko za ku tafi da yara, Ado-Awaye ya fi sauƙi, muddin kun fara hawa kafin ƙarfe tara. A Idanre saukowa ta fi hawa cin gwiwa, mutane ba sa yarda sai sun gani.

Lokaci ma na da nasa. Da damina dutse na santsi, a Idanre kuma hazo kan sauka ya rufe kwari gaba ɗaya. Daga Disamba zuwa Janairu ƙurar hunturu ce ke cinye hangen da kuka sha wahala dominsa. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, ganye bai bushe ba, sama garau.

Akwai abin da nake so mu riƙe da muhimmanci. Duka wuraren biyu suna da wuraren da masu garin ke girmamawa bisa al'adarsu ta gargajiya. Mu baƙi ne. Ba sai mun shiga abin da addininmu bai yarda da shi ba, in an miƙo maka ruwan tafki ko an ce ka roƙi wani abu a gaban dutse, ka yi godiya ka wuce. Amma ba a yi wa mutane ba'a a ƙasarsu, ba a ɗaukar hoto inda aka hana, kuma ba a shiga tafkin Iyake da sunan wanka. Ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen gari a bakin ƙofa, ku daidaita kuɗinsa tun a ƙasa. A Idanre musamman, hanyoyin sama suna rarrabuwa, baƙo shi kaɗai zai ɓata.

Ni da za ku ji tawa, ku ƙara kwana ɗayan nan ku tafi Idanre. Kuɗin masauki in an raba shi tsakanin mutum biyar ko shida ba zai karya kowa ba, kuma za ku hau da jiki a sake. In aiki ya hana, ku yi Ado-Awaye yanzu, ku ajiye Idanre sai hutun Sallah.

Ko wanne kuka zaɓa, a bar silifas da doguwar riga a mota, a sa kambas mai kama ƙasa. Kowa ya riƙe ruwan sha lita biyu a ƙalla, da na alwala dabam, don kada ku dogara da samun na saye a sama. Nisan duka biyun ya wuce na kasaru, kuna da sauƙin matafiyi a salla. Ku shirya yadda za ku sauko tun rana na da sauran tsayi, masu Ado-Awaye kuma su tabbata sun baro Iseyin tun da azahar, don su shigo Legas da sauran haske.