Bulala ko lada? Amsa ga Alhaji kan korginsa mai wata takwas

Alhaji ka ce karenka, ɗan korgin nan mai gajerun ƙafafu, tunda ya shiga wata takwas ya zama wani abu daban, yara na gudu a tsakar gida yana binsu yana cizon diddige, ka kira shi ya ɗago ya kalle ka ya ci gaba da abinda yake, alhali wata uku baya kana cewa zauna zai zauna. Mai horar da karnukan gadi ya ce ka ba shi sati uku, da bulala da kwalar nan mai jan wuta zai dawo maka da shi ya yi laushi tuɓus, shi kuma ɗanka ya ce a'a da ɗan nama ake lallaɓa shi. Kana tambaya wanne za ka bi.

Na yi karatu a yankin Wales na Birtaniya, can ne asalin karen nan, kuma tsohuwar da nake haya a gidanta tana da guda ɗaya, in ciwon gwiwarta ya motsa ni nake fita da shi da asuba ta ɗan rage min kuɗin haya, to na sha fama da shi ba kaɗan ba. Maganar hukuncin ajiye kare kuwa na bar wa malamai.

Kafin a zo kan bulala ko nama, ka san me ka saya. Korgi iri biyu ne, Pembroke da Cardigan, tun 1934 aka raba su a rajista a Ingila, kuma duk biyun karnukan kora shanu ne. Mutane na ganinsa a hoto kusa da Sarauniya Elizabeth, wadda ta yi kiwon fiye da 30, sai su ɗauka ɗan kwalliyar falo ne. Ina! Gajerun ƙafafun nan an so su ne dan in ya ciji saniya a diddige ta kai harbi, harbin ya wuce ta saman kansa. Yaro na gudu yana ihu, a idonsa maraƙi ne ya fita daga garke. Cizon diddigen nan gado ne ba karambani ba.

To bari mu ɗauki cizon. Da bulala, gaskiya ranar zai daina, wannan ba zan ɓoye maka ba kuma shi ya sa mutane ke sonta. Amma abinda ya koya shi ne kar ya yi a gaban mai bulala, su kuwa yaranka ba su da ita, kai kuma kana ofis. Abinda ya fi ban tsoro, karen da ake duka in ya yi gurnani yakan daina gurnanin, tsoron da haushin suna nan a ciki, gargaɗin kawai ka cire, wata rana sai dai ka ji ihun yaro ba tare da kowa ya ji komai kafin nan ba. Ita kwalar wutar ma a Wales ɗin, ƙasar korgin kansa, an haramta ta tun 2010.

Ta hanyar lada kuma aikin ya fi yawa kuma kanka zai dawo. Yana kai baki ƙafa kowa ya tsaya cak kamar an dasa shi, ba ihu ba ture shi da ƙafa dan shi duk wasa ne a wajensa, sai a miƙa masa wata tsohuwar igiya mai kauri ya kama ya ja. In ya koma ƙafa a sa shi bayan ɗan shinge na minti ɗaya ko biyu, wasa ya ƙare. Namu na can sai da na yi kusan sati uku ina tafiya da igiya a aljihun jaket, ya yaga min ƙafar wando biyu, ɗaya ma sabo ne wallahi har yau ina jin haushi, amma wata safiya na fito da gudu zan kama bas sai na ga ya zabura kamar zai kamo ni, ya yi birki, ya juya ya ɗauko igiyarsa ya kawo. Sannan ka samo masa babbar ƙwallo wadda ba za ta shiga bakinsa ba, ya yi ta korarta da hanci yana zagaye gidan, saniyarsa kenan.

Sai maganar ƙin amsa kira, nan ne nake so ka buɗe ido da mai horarwar nan. A 2020 masu bincike a Jami'ar Newcastle sun fitar da wani nazari kan karnuka, suka ga a wata takwas kare ya fi yin biris da umarnin mai kula da shi fiye da lokacin yana wata biyar, amma in baƙo ne ya ba shi umarnin sai ya bi. Tamkar yaron da ya fara balaga, a gida kunnen ƙashi a waje ladabi. Ka ga kenan mutumin nan zai zo ya ce zauna, kare ya zauna, ka ce kai wannan ya iya aiki, alhali baƙuntarsa ce ta yi rabin aikin. Ka tura shi sati uku ya dawo yana jin maganar wani, kai kana nan inda kake. A gida kuwa igiya doguwa za ka ɗaura masa kamar mita biyar zuwa goma, ka kira sau ɗaya tak, ya zo ka ba shi ɗan dafaffen naman kaza ƙanƙani kamar ƙwayar gyaɗa ka sake shi ya koma wasa. Minti biyar, sau biyu ko uku a rana ya isa. Kuma kar ka taɓa kiransa dan ka hukunta shi, in ka yi haka sau biyu ka kashe kiran.

Ita ma ladar tana da nata matsalar, ba zan yi mata kwalliya ba. Tana da jinkiri, wannan rashin jin zai iya kai shi shekara ɗaya da rabi yana tafiya yana dawowa, kuma sai duk gidan sun haɗa baki, Hajiya da yara da mai gadi, in mutum ɗaya yana dariya yana gudu da shi an koma farko. Ga wayo, in ya yi haushi ka jefa masa nama dan ya yi shiru to shi ya horar da kai. Ga ƙiba, in Pembroke ne bai kamata ya wuce kilo 10 zuwa 14 ba, bayansa dogo ƙafa gajeru, nauyi na taɓa masa ƙashin baya, dan haka duk abinda ka ba shi na lada ka cire daga abincinsa na ranar. Kilishi da ragowar miya kuma kar a fara, albasa guba ce gare su.

Ni dai lada zan bi. In kana son taimakon mai horarwar ka ce ya riƙa zuwa gida sau ɗaya a sati, ya bar kwalar da bulalar a mota, igiyar tana hannunka shi yana gefe yana gyara maka. Kuma a fita da karen nan kullum da sassafe ko bayan magariba, gashinsa ninki biyu ne na ƙasar sanyi, ka fara ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ya ƙona ka to a jira.