Vespar Malam ta dawo titi: abin da na gani bayan wata bakwai ina hawanta

Tun ranar da na sa hotonta a Facebook jama'a suka dame ni da tambaya, wa ya gyara maka, ina ka samo kaya, nawa ka kashe. Nace a'a, bari in hau ta tukuna in ga kamun ludayinta kafin in yabi wani ko in kushe wani, don sabon fenti kowa ma ya iya yin kyau a hoto. To yanzu wata bakwai kenan ina zuwa aiki da ita kusan kullum, ta sha ƙurar hunturu ta sha zafin bazara ta taɓa ruwan farko, ina ganin bakina ya isa magana.

Sprint Veloce ce 150, ta marigayi mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Malamin makaranta ne, ya saye ta a 1975 da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kamar yadda malamai da akawuna da yawa suka yi a lokacin. Mu dai Besfa muka taso muna ce mata. Bayan rasuwarsa aka tura ta lungun soro aka jibga mata tsofaffin tabarmi da buhunan banza, ta yi wajen shekara ashirin a nan, kaji har ƙwai suka riƙa yi a wurin ɗora ƙafa. 'Yan gwangwan sun zo taya ta ya fi sau biyar Hajiya tana korarsu.

Zan fara da makaniken don shi ne ainihin abin da nake son in yi magana a kai. Wani dattijo ne da yake aiki ƙarƙashin darbejiya a cikin garin Kano, ba shi da shago ba shi da allon talla, akwatin ƙarfe ɗaya ne da benci da yara biyu. Ba zan sa sunansa ba don ban nemi izininsa ba. Ranar da muka sauke ta daga bayan a-kori-kura ni duk hankalina yana kan inji, shi kuwa ko kallon injin bai yi ba, durƙusawa ya yi ya leƙa ƙasanta yana ƙwanƙwasa wurin ɗora ƙafa da sukundireba. Nace Baba ai injin ne ya mutu. Yace ɗan nan inji ba ya mutuwa, jiki ne yake mutuwa.

Daga baya na gane nufinsa. Vespa ba kamar Jincheng ko Boxer ba ce da suke da ƙashin ƙarfe a ciki sai a lulluɓe da roba. Ita jikin nan nata da kake gani shi ne ƙashin, farantin ƙarfe ne aka matse aka haɗa ya ɗauki komai. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, dama injiniyan jirgin sama ne, shi ya yi wa kamfanin Piaggio ita a 1946 a garin Pontedera na Italiya, kuma sunan ma a yarensu rina yake nufi, in ka dubi ƙugunta siriri da ɗuwawun nan biyu sai kace zanzaro. Don haka in tsatsa ta cinye tsakiya to babur ɗin na iya lanƙwashewa da kai kana tafiya. Tamu Allah ya taimaka, kashin kaji ya huda wuri biyu a gefe amma ƙashin tsakiya lafiya lau. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon faranti, Baba yana tsaye a kansa yana hana shi ƙona wurin da yawa kar ƙarfen ya murɗe.

Aikin inji kam ban da abin cewa sai godiya. Ya raba shi gida biyu a gabana, ya wanke komai da kananzir ya jera a kan buhu. Ya canza boris ɗin kiranshaf, ya canza robobin nan biyu masu tare mai da iska a gefe da gefensa, ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba: in ta ɓangaren kuloci ta lalace injin zai riƙa zuƙar man giya yana hayaƙi fari kamar ana ƙona bola, in ta ɗaya ɓangaren ce iska za ta shiga, injin ya riƙa ihu shi kaɗai ba ka murɗa ba, ƙarshe fistin ya kama. Sai wani ɗan ƙarfe mai kamar gicciye da yake cikin giya, shi ne yake zaɓar giyar da ka sa, in bakinsa ya cinye sai babur ya riƙa fitar da giya da kansa musamman a ta uku. Na tuna Malam yana fama da wannan a hawan Goron Dutse muna yara, mu a zatonmu haka Besfa take. Abin dariya, zaren da ke riƙe da ƙarfen nan na hagu ne, wato yadda ka saba kwancewa to ɗaurewa kake yi, yaronsa ya kama da sifana zai danna Baba ya buge masa hannu kafin ya ɓalla.

Inda na ji haushinsa shi ne lokaci. Yace min sati uku, sai da muka yi wata uku da 'yan kwanaki. Yau an yi rasuwa, gobe ɗaurin aure a ƙauye, jibi ƙafa ta kumbura, kuma ba ya yarda yaran su taɓa cikin inji in ba ya nan. Waya kuwa in ka kira sau goma ka yi sa'a in an ɗauka sau ɗaya. In kai mai gaggawa ne kar ka soma. Sannan ba ya rubuta komai, lissafi duk a ka yake, sau biyu muna saɓani kan ko na ba da kuɗin kaza, ban ce ya ci min ko kwabo ba wallahi, mantuwa ce ta tsufa, amma daga baya littafi na saya nake rubutawa a gabansa.

Yanzu maganar kaya. Na Italiya na asali sabo ba ka samunsa a nan sai dai ka yi oda, kuma da canjin dala na yanzu sai ka dafe kai. Abin da ya cece mu shi ne Indiya. Kamfanin Bajaj ya yi babur mai suna Chetak daga 1972 har 2006 kuma a kan tsarin Sprint aka gina ta, kamfanin LML kuma a garin Kanpur sun yi irin PX, wato samfurin Vespa da ya biyo bayan tamu, shi ya sa kayansu da yawa suke shiga tamu. Wayoyin kuloci da giya da birki, fakin, takalmin birki, faifan kuloci, robar ƙasa, duk na Indiya na sa kuma har yau ba wanda ya ba ni kunya. Faifan kulocin Baba ya jiƙa su a mai suka kwana kafin ya ɗaura. Kafireta ma na so in sayi sabuwa yace kar in yi asara, tata ta asali Dell'Orto ce SI 20/20, wanki kawai take so da sabon fakin da allura, haka kuwa aka yi. Amma gicciyen giya na farko da na kawo mai arha, ya juya shi a hannu ya goga masa fayil sau ɗaya ya miƙo min yace mayar, wannan ƙarfen kwano ne. Sai a Ƙofar Ruwa muka samo wani a cikin tsohon inji da bai sha wuya ba. Wato dai abin da zai zauna a waje ka iya kwance shi da sifana a bakin titi sayi na Indiya hankalinka kwance, abin da sai an raba inji kafin a kai gare shi kar ka yi masa rowa.

Abin da na fi jin daɗin kuɗina a kansa shi ne mayar da wutarta 12V. Asalinta 6V ce mai kwantak, fitilar gaba kamar aci-balbal, in ka sassauta mai sai ta kusa mutuwa. Na yi odar saitin wuta na zamani mai CDI (ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta a madadin kwantak) ta intanet, kuma a nan na yi wautar da nake so kowa ya kiyaye. Mai sayarwar ya rubuta wai yana shiga duk Vespa 150, na biya na jira sati biyar, da ya iso fulawil ɗin ya ƙi zama, ashe bakin kiranshaf na PX ya fi na tsofaffin kauri, ramin bai yi daidai ba. Na yi masa magana ya riƙa min yawo da hankali har na gaji na haƙura na sake sayen wani mai ƙaramin rami. Kafin ka biya ka tambayi wane bakin kiranshaf aka yi wa, kar ka yarda da "yana shiga duka". Baba da farko ma ƙin abin ya yi, yace kwantak in ya mutu a daji da samfefa da takardar sigari zai tada shi, wannan baƙin akwatin in ya mutu sai turi. Gaskiyarsa ce, shi ya sa nake yawo da CDI na biyu a aljihun gefe. Amma tun da aka sa, kik ɗaya ko biyu take tashi ko da asuba cikin sanyi, fitila kuwa har masu adaidaita suna min alama in rage. Sai dai ka sani ba fulawil kaɗai za ka canza ba, ƙwayayen fitila duka, hon, da makunnin fitilar birki, don tsohon aikinsa a juye yake, da muka bar shi fitilar a kunne take zama sai ka taka birki ta mutu.

Mai fenti ne ya ɓata min rai. Launin Malam shuɗi ne mai haske, ni kuma na zaɓi ruwan madara da kore a gefe, Hajiya ta yi kwana biyu ba ta ce komai ba wanda a gidanmu wannan ma magana ce. Mutumin ya fesa a fili cikin hunturu, in ka shafa murfin inji za ka ji ƙura a ƙarƙashin fentin kamar gero. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi ciwo bai sa maganin da ke sa fenti ya yi tauri yadda ya kamata ba, ranar farko da na sha mai ɗigo biyu suka zuba a bakin tanki ƙarƙashin sit, kafin in goge fentin ya yi laushi ya kama tsumma. Ya karɓi kuɗin mai kyau ya yi aikin maras kyau. Na koma yace fetur ɗin yanzu ne ba shi da kyau. Ban ja da shi ba.

Sit kuma ni na jawo wa kaina. Ra'ayi ya ɗebe ni na kai wa dukawa suka rufe min da jar fata da ɗan ado a gefe, aikin hannu mai kyau tsakani da Allah, duk inda na tsaya sai an taru. Ranar wata Juma'a na hau da farar shadda cikin rana, gumi ya haɗu da rini, na sauka a masallaci wani bawan Allah ya matso a hankali yace Malam duba bayanka. Yanzu baƙar leda nake ɗora mata in zan yi nisa, fatar ta zama ta ranar ado.

A kan titi yaya take? Giya huɗu ne a hannun hagu, kana matse kuloci kana murɗa hannun gaba ɗaya, sati na farko na sha kunya a danja tana mutuwa ana min hon. Injin a dama yake don haka tana ɗan rinjaya can, jiki yana sabawa. Tayoyinta ƙanana ne, 3.50-10, ba sa son rami ba sa son yashi, in ka shiga lungu mai rairayi ka sauke ƙafa kawai. Birkin gaba sai a hankali, ka matse ta dulmiya kai kamar mai ruku'u amma tsayuwar ba ta kai ba, na ƙafa shi ne birki, kuma tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita suka cika Kano suna tsayawa duk inda suka ga dama, sai ka bar tazara sosai. Abin da nake so kuma, tayar gaba da ta baya ɗaya ne, ga safaya a gaban gwiwarka, na yi faci a hanyar Zariya na kwantar da ita a gefe na canza da kaina ban nemi bakanaiza ba. In za ka raba rim ɗin ka fara sace iskar tukuna, gida biyu ne da notuna, in da iska a ciki zai iya tashi da fuskarka.

Mai kuma sai ka haɗa da hannu, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na man tu-sitirok a kowace lita, lita biyar mililita 100. Sirinji nake ajiyewa a aljihun gefe. Masu cewa zuba baƙin man mota ai duk ɗaya ne, na gwada sau ɗaya da nawa ya ƙare, kwana uku fulogi ya yi baƙi ƙirin salansa tana ɗigo. Ta fi baburan yanzu shan mai, wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowane ɗigo ana jinsa a aljihu, wanda yake neman abin hawa don sauƙi ya sayi Boxer ya huta.

Masu tambayar jimillar kuɗi ku yi haƙuri, uwargida tana karanta abin da nake rubutawa. Agogon gudu har yanzu ba ya aiki, Baba yace in kawo ta bayan Sallah ya duba wayar, bai dai faɗi wace Sallar ba. Fentin kuma sai damina ta wuce zan kankare shi in kai wa mai ɗakin feshi, kuma na riga na gaya wa Hajiya shuɗin za a mayar. Saitin wutar nan na farko mai babban rami yana nan a kwalinsa ko ɗaura shi ba a yi ba, mai PX ko LML da yake so ya yi min magana.