A nan ko kin yafe wa likita, hukuma ba ta yafe ba

A wata unguwar Hausawa a Jidda, an yi wa wata baiwar Allah fiɗa aka ciro mata jariri. Sati uku tana fama da zazzaɓi da ciwon mara, da aka ɗauki hoton cikin sai ga audugar tiyata an manta a ciki. Mijin ya kira 937, layin ƙorafi na Ma'aikatar Lafiya, cikin fushi. Bayan ta warware dattawa suka sa baki, ya koma ya ce sun yafe, ƙaddara ce. Jami'in ya ce masa: “Ya Hajji, naka ka yafe, saura na hukuma.”

Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai. Dokar aikin lafiya ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2005, ta raba haƙƙi biyu. Akwai haƙƙul khas, wato diyyar wanda aka cutar, shi ke da ikon karɓa ko yafewa. Akwai haƙƙul amm, haƙƙin jama'a, wanda ke tambayar ko wannan likitan ya cancanci ya sake taɓa wani. Yafiyarka ba ta kashe na biyun.

Kwamitin bincike fayil yake fara nema kafin ya saurari bakin kowa. A maganar auduga, ana ƙirga ta kafin a fara yanka, a sake ƙirgawa kafin a ɗinke, a rubuta, a sa hannu. In lissafin bai cika ba kuma aka rufe ciki, ko ba a rubuta ba sam, to ba wani dogon Larabci. Dokar ta jero abin da take kira kuskure: rashin bibiyar majinyaci, amfani da na'urar da ba ka iya ba, ƙin neman shawarar wanda ya fi ka sani alhali ciwon na buƙata. Takardar nan da ake miƙa wa miji ya sa hannu a gurguje ba ta wanke likita, domin duk sharaɗin da zai sauke masa alhaki dokar ta ce ɓatacce ne.

Hukuncin ladabtarwa hawa uku ne: gargaɗi, tarar da ba ta wuce riyal 10,000 ba, sai soke lasisi da goge suna daga rajista. Wanda aka soke wa ba zai nemi sabo ba sai bayan shekara 2 aƙalla. Tarar kam ta yi kaɗan, wani babban likita bai ma ji ta a aljihu. Abin da ke hana su barci shi ne rajistar Hukumar Ƙwararrun Lafiya: ba asibitin da zai ɗauke ka sai lambarka tana raye a Mumaris, shafin rajistar hukumar na intanet, kuma tun farko sai DataFlow, kamfanin tantance takardun shaida, ya tuntuɓi makarantar da ka ce ta yaye ka. Ga inshorar kuskure da aka wajabta wa kowane likita, ita ke biyan diyya, wadda ta kisan kuskure riyal 300,000 ce.

Mu ma a Najeriya ba doka muka rasa ba. MDCN, majalisar da ke kula da aikin likitoci, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon dakatar da likita har wata 6 ko goge sunansa, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Amma sai ka rubuta koke da rantsuwar kotu, kuma mutum nawa a Gaya ko Ɓagwai suka san da wannan? Daga 2015 zuwa 2018 majalisar MDCN ɗin ma a rushe take, ƙararraki suka yi ta jira. Sauran laifin namu ne. Mace ta rasu a wajen haihuwa, mu ce kwana ya ƙare, wanda ya tambayi fayil a ce ba shi da tawakkali. To ga ƙasar da muke fuskanta sau biyar a rana, ita ma ta yarda da ƙaddara, ba ta kuma hana a tambayi wanda ya ƙirga auduga.

Kada a ɗauka Saudiyya aljanna ce. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ba ya kusantar ofishin ƙorafi, ko an yanke masa ƙafar da ba ita ba, kuma da yawa daga mutanenmu a Makka da Jidda haka suke. Shari'ar tana jan lokaci. Tsoron ƙara ya sa wasu likitocin sun fi kallon kwamfuta fiye da fuskarka, ciwon kai ma sai an tura ka gwaji uku, ka zauna jiran amincewar kamfanin inshora. Nan ne mutum ke kewar likitan gida mai cewa “sannu Baba, ya jikin?” kafin ya ɗauki biro.

Mai niyyar kai ƙara ya nemi rahoton asibiti da lambar fayil tun majinyaci yana kwance, ya kuma ajiye lambar ƙorafin da za a turo masa ta waya. Kada a tsaya jiran shawarar dangi, domin haƙƙul amm ba a sauraronsa bayan shekara 1 da sanin kuskuren.